Fadamun Riruwai Da Gobarar Daji: A Shafa Wa Gemu Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta bar Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa ƙasar Doguwa, a tsakanin watan Disamba da na Fabrairu, ba zai rasa ganin ɗayan abu biyu ba: ko dai wuta tana cin ciyawa a gefen hanya, ko kuwa baƙin fili wanda wuta ta riga ta lashe, ba abin da ya rage sai toka da kututture. Abin ya zama jiki, har ba a cika tsayawa a dube shi ba. A kowace shekara ana asarar zana da jinka, da abincin dabbobi, da amya, da 'ya'yan itatuwa masu tasowa, wani lokaci har da amfanin gonar da aka tara ba a kai ga kwasowa gida ba. A kowace shekara kuma maganar ɗaya ce: a yi shela, a ja kunnen mafarauta, a hukunta wanda aka kama.

Jan kunne da hukunci suna da muhallinsu. Sai dai akwai wani magani da aka yi sakaci da shi, wanda yake kwance a ƙarƙashin ƙafar mutane, wato ruwan da ke cikin ƙasar fadama. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mayar da danshi cikin fadamun da suka bushe a yankin Riruwai da kewayen Falgore yana daga cikin hanyoyi mafiya araha da ɗorewa na rage ɓarnar gobarar daji. Wasu ƙasashe sun koyi wannan darasi bayan sun sha wuya ƙwarai, Hausawa kuwa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ya kyautu a fara duba gemun da ya ƙone, kafin a dawo kan na gida.

Ƙasar Da Ke Ci Da Wuta

Ɗalibin kimiyya ya san cewa ganye ko ciyawa idan ta mutu ta faɗi ƙasa, ƙananan halittu irin su bakteriya da gara da tana su ne ke cinye ta, su mayar da ita taki. Galibin waɗannan halittu suna buƙatar iskar oksijin kamar yadda ɗan Adam ke buƙatarta. To, idan ganyen ya faɗa inda ruwa ke kwance shekara da shekaru, iska ba ta ratsa shi sosai, sai ruɓewar ta yi nawa. Ganyen bana ya hau kan na bara, na baɗi ya hau kan na bana, har a sami tarin baƙar ƙasa mai laushi wadda kusan dukkanta gawar tsirrai ce. Turawa na kiran ta fit. A wannan maƙala za a kira ta lakar ganye.

Lakar ganye ba ta taruwa da sauri. A wurare da yawa kaurinta ba ya ƙaruwa da fiye da milimita 1 a shekara, ma'ana mita 1 na iya ɗaukar shekara 1,000. Amma a tsibiran Indunusiya akwai inda zurfinta ya wuce mita 10. Irin wannan ƙasa ba ta rufe fiye da kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, duk da haka sinadarin kabon da ke ɓoye cikinta ya fi wanda ke jikin dukkan itatuwan dazuzzukan duniya. A nan Afirka, a shekarar 2017 masana suka bayyana girman wani dausayi irin wannan a tsakiyar kwarin Kogin Kwango, mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, wanda aka ƙiyasta yana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 30.

Muddin ruwa na rufe da ita, lakar ganye ba ta cutar da kowa. Matsala tana farawa ne ranar da aka haƙa magudana aka janye ruwan domin noma. Da farko iska za ta shiga, ƙananan halittu su farka su kama ci, ƙasar ta riƙa komawa iskar kabon dayokzaid tana tashi sama, fuskar ƙasa kuma ta riƙa lotsawa. A ƙauyen Holme da ke gabashin Ingila akwai wani ginshiƙin ƙarfe da aka kafa a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ake janye ruwan dausayin wurin, aka daidaita kansa da fuskar ƙasa. A yau ginshiƙin ya fito sarari da kimanin mita 4, saboda ƙasar da ke kewaye da shi ta zagwanye. Abu na biyu, wanda ya fi muni, shi ne busasshiyar lakar ganye makamashi ce. Idan ta kama, ba ta ci bal-bal kamar wutar kara. Cinta irin na wutar ƙaiƙayi ne, a hankali, ƙasa-ƙasa, da hayaƙi mai kauri, tana bi ta ƙarƙashin ƙasa tsawon makonni ko watanni, ta ɓulla inda ba a zata ba.

Darasin Indunusiya

A shekarar 1995 gwamnatin Shugaba Suharto ta ƙuduri aniyar mayar da hekta miliyan 1 na dausayin lakar ganye a tsakiyar Kalimantan, cikin tsibirin Borniyo, zuwa gonakin shinkafa. Aka sare daji, aka haƙa magudanai masu tsawon fiye da kilomita 4,000. Shinkafar ba ta yi ba, domin ƙasar tana da tsami kuma ba ta da abincin da shinkafa ke so, sai aka watsar da shirin bayan 'yan shekaru. Amma magudanan suka ci gaba da aikinsu na tsotse ruwa dare da rana. Da fari ya zo a 1997, wuta ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe Indunusiya da Malesiya da Singafo, aka rufe makarantu da filayen jiragen sama. Wani bincike da aka buga a 2002 ya ƙiyasta cewa kabon da gobarar Indunusiya ta saki a wannan shekara ya kai tsakanin kashi 13 da kashi 40 cikin 100 na abin da duniya baki ɗaya ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona man fetur da kwal da gas.

Abin ya maimaita kansa a 2015, inda kimanin hekta miliyan 2.6 suka ƙone, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta asarar da aka yi da dala biliyan 16. An yi amfani da sojoji da jiragen sama masu zubo ruwa, amma wutar da ke cin ƙasa daga ciki ba ta mutu ba sai da damina ta sauka. Daga nan ne hukuma ta gane cewa motar kashe gobara ba ta da abin yi da irin wannan wuta. A watan Janairun 2016 Shugaba Joko Widodo ya kafa hukuma ta musamman domin farfaɗo da kimanin hekta miliyan 2 na dausayin da aka lalata. Aikin hukumar ya tsaya kan ginshiƙai uku: toshe magudanai da shingayen katako da ƙasa domin ruwa ya dawo, sake dasa itatuwan asali, da samar wa mazauna wurin sana'ar da ba ta buƙatar busar da ƙasa. Dokar ƙasar ma ta tanadi cewa kada ruwan cikin ƙasa ya yi nisa da fuskar ƙasa fiye da santimita 40. Haka Rasha ta yi bayan hayaƙin gobarar 2010 ya shaƙe birnin Mosko, ta koma tana mayar da ruwa cikin dubban hektocin dausayin da aka busar tun zamanin Tarayyar Sobiyet.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin ƙasashen nesa ne kawai. A ƙasar Mali, yamma da Tambutu, akwai tafkin Fagibin wanda ya ƙafe bayan fare-faren shekarun 1970 da na 1980. An daɗe ana ganin hayaƙi da zafi na fitowa daga ramuka a ƙasan yankin, har wasu masana suka zaci dutse mai aman wuta ne ke motsi a ƙarƙashi. A 2003 wasu masu bincike daga Norwe da Mali suka buga sakamakon haƙan da suka yi, suka nuna cewa tsohuwar lakar tsirrai ce ta ƙasan tafkin ke ci da wuta bayan ruwa ya janye. Wannan ya faru ne a yankin Sahel, cikin Afirka ta Yamma.

Fadama Ita Ce Dausayin Ƙasar Hausa

Ƙasar Kano ba ta da tarin lakar ganye mai zurfin mita 10 irin ta Borniyo, domin zafi da dogon rani ba sa barin gawar tsirrai ta taru haka. Abin da take da shi shi ne fadama, kuma ƙa'idar da ke aiki a can ita ke aiki a nan. Fadama kwari ce da ruwa ke kwanciya cikinta da damina, ya kuma zauna kusa da fuskar ƙasa da rani. Baƙin da ake gani a ƙasarta alama ce ta ruɓaɓɓun tsirran da ruwa ya hana su ƙarewa. Wannan baƙar ƙasa tana aiki kamar soso: ta sha ruwa a Agusta, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har zuwa Maris.

Kudancin Jihar Kano ya fi kowane sashe na jihar samun ruwan sama, sama da milimita 1,000 a shekara. Duwatsun Riruwai da tuddan da ke kewaye da su suna tara wannan ruwa su sako shi cikin ƙoramu, ƙoramun kuma su haɗu su ciyar da Kogin Kano, wanda ke ratsa dajin Falgore ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974. Daga Tiga ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, ruwan kuma ya wuce ya haɗu da na Kogin Challawa ya nufi Haɗeja. Shi dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka kuma ɗaga shi zuwa gandun namun daji a shekarun 1960, ɗaya daga cikin manyan amfaninsa shi ne kare wannan mafarin ruwa. Ke nan abin da ya sami fadamar Doguwa ba ya tsayawa a Doguwa.

Abubuwa huɗu ne suka fi busar da fadama a irin wannan yanki. Na farko shi ne kwazazzabo. Idan aka sare kurmin bakin rafi, aka nome ƙasa har gaɓar ruwa, ko shanu suka tattake mashaya guda shekara da shekaru, ruwan sama zai yanka hanya. Da zarar kwazazzabo ya kai zurfin mita 2, ya zama magudana, ba shi da bambanci da waɗanda aka haƙa da injin a Kalimantan, domin ruwan da ke cikin ƙasar gefe da gefe zai tsiyaye ya sauka zuwa gindinsa. Na biyu shi ne haƙar ma'adinai. Riruwai tsohon gari ne na kuza, an san shi da narkar da dalma tun kafin zuwan Turawa, sa'annan kamfanoni suka zo a ƙarni na 20 suka faɗaɗa aikin. Ita kuza mai nauyi ce, ruwa kan wanko ta daga dutse ya tara ta a gindin kwari, don haka fadama da bakin rafi ake tonewa a neme ta. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, amma ramuka da tsibin ƙasa da rafukan da aka karkatar suna nan, masu haƙar hannu kuma ba su daina ba. Na uku shi ne yawan zuƙar ruwa. Tun farkon shekarun 1990, da shirin bunƙasa noman fadama na ƙasa wanda Bankin Duniya ya tallafa, rijiyar burtsatse ta hannu da ƙaramin injin ban ruwa suka maye gurbin jigo. Wannan ya kawo alheri mai yawa, sai dai jigo yana ɗiban ruwa ne gwargwadon ƙarfin mutum, injin kuwa gwargwadon man da ke cikinsa. Na huɗu shi ne sare dajin tudu domin gawayi da itacen girki, abin da ke sa ruwan sama ya gangaro a guje maimakon ya nutse.

Idan ruwa ya yi ƙasa, fadama kan canza kama. Baƙar ƙasa ta koma toka-toka, ta tsattsage. Tsirran da ke son danshi, irin su jema da tukurwa da malmo da kajinjiri, su ja baya, tofa da ƙyasuwa su mamaye wurin. Waɗannan kuwa kafin ƙarshen Nuwamba sun bushe ƙayau. Tun da ƙasar fadama ta fi ta tudu ƙarfi, ciyawarta ta fi tsawo da kauri. Ta haka wurin da a da yake tare wuta yakan zama wurin da ya fi ko'ina ba ta abinci.

Yadda Danshi Ke Karya Lagon Wuta

Murhu ba ya tsayuwa sai da duwatsu uku, haka ma wuta ba ta ci sai da abu uku: makamashi, iska da zafi. A lokacin hunturu babu mai iya hana iska kaɗawa, danshin da ke cikinta kuma yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Babu mai iya kwashe ciyawar daji baki ɗaya. Dutsen da ya fi sauƙin zarewa shi ne zafi, ruwa kuwa shi ne babban ɓarawon zafi.

Lissafin a bayyane yake. Kafin a ɗaga zafin kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 100 ana buƙatar kimanin kilojul 420. Amma kafin wannan ruwan da ya riga ya tafasa ya koma tururi ana buƙatar kimanin kilojul 2,260, wato fiye da ninki biyar. Ɗanyar ciyawa fiye da rabin nauyinta ruwa ne, kuma ba za ta kama wuta ba sai an kore wannan ruwa tukuna. Saboda haka idan wuta ta taso daga tudu ta iso ɗanyar fadama, ƙarfinta yakan ƙare wajen busar da ganye, harshenta ya gajarce, tafiyarta ta ragu, har ta mutu da kanta ko mutane su iya kashe ta da ɗanyen reshe. Kowace uwar gida da ta taɓa fama da ɗanyen itace a murhu ta san wannan ilimi.

Idan aka dubi ƙasar Doguwa da Tudun Wada daga sama, ƙoramu da fadamu sun yi rassa kamar jijiyoyin ganye, sun yayyanka daji gunduwa-gunduwa. Idan rassan nan ɗanyu ne, wutar da ta tashi a gunduwa ɗaya tana iya tsayawa a nan. Idan sun bushe, dajin ya zama shimfiɗa guda, wuta ta bi shi tun daga wannan gefe har wancan. Hanyar tare wuta da ake sharewa da fartanya sai an sake ta kowace shekara, an kuma biya lada. Ita fadama mai rai tana sabunta kanta kowace damina, tana kuma ba da kiwo da kifi da ruwan rijiya a kan haka. Har ila yau ita ce mafakar da namun daji da tsuntsaye da ƙudan zuma ke gudu zuwa gare ta ranar da daji ya kama.

Ƙorafe-Ƙorafen Da Za A Iya Yi

Manomi zai ce daga fadamar nan yake samun rake da shinkafa da tumatir da albasa, kuma ba zai bar iyalinsa da yunwa saboda ciyawa ba. Maganarsa gaskiya ce, kuma duk shirin da bai saurare ta ba ya mutu tun kafin a fara. Amsar ita ce ruwan da ake son a tsare shi ne ruwan da rijiyarsa ke sha. Manomin da ke ƙara wa rijiya zurfi kowace shekara, yana ƙara sayen mai domin jawo ruwa daga nesa, shi ne farkon wanda zai ci ribar toshe kwazazzabo. Ba a nemi a bar noman fadama ba. Abin da ake nema shi ne a bar wa rafi 'yan taku na ciyawa da itace a kowane gefe, a kuma yi ɗiba gwargwadon abin da damina ke mayarwa.

Malamin lafiya zai ce ruwa kwance gidan sauro ne da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa manufar ita ce ruwa ya zauna a cikin ƙasa, ba a samanta ba. Dausayin Haɗeja da Nguru ya isa misali. Bayan gina Tiga da madatsar Challawa ta 1992, ambaliyar damina da ke shayar da dausayin ta ragu, a wasu hanyoyin ruwan kuma aka sami ruwa kwance duk shekara, sai kacala ta mamaye su ta toshe. Fadama mai lafiya ita ce wadda ke cika da damina, ta janye a hankali da rani, ƙasarta na riƙe da sanyi.

Wani kuma zai ce wuta ɗabi'ar dajin nan ce tun fil azal. Haka ne. Doka da kaɗanya da maje suna da kaurin ɓawo da ke jure ƙuna, makiyayi kuma yana ƙona tsohuwar ciyawa ne domin toho ya fito. Sai dai wuta suna ta tara. Ƙunar farkon kaka, lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanyantaka, tana tafiya sannu, ta bar tsibi-tsibi ba ta taɓa ba. Ƙunar Fabrairu da Maris kuwa tana da zafin da ke kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya kwashe ta ya kai cikin Tiga. Wannan ta biyun ita ce abokiyar gaba. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa ɗanyar fadama ba ta tare kowace wuta, domin iska mai ƙarfi tana iya ɗaukar tartsatsi ta tsallake siririn rafi. Rage haɗari take yi, kuma tana buƙatar a haɗa ta da sauran dabaru.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mataki na farko shi ne toshe kwazazzabai tun suna ƙanana, a fara daga kansu a gangaro. Ƙaramin shinge na duwatsu ko buhunan yashi ko turakun da aka saƙa da rassa, wanda bai wuce tsayin gwiwa zuwa ƙugu ba, a jera shi da 'yar tazara, ya fi babban bango guda wanda ruwan Agusta zai ture. A bar tsakiyar shingen ya fi gefensa gajarta domin ruwa ya bi ta kai, kada ya zagaya ya ci gaɓa. Kowane shinge zai tare laka, gindin kwazazzabo ya riƙa tasowa, ruwan cikin ƙasa ya biyo shi. Dutse kuwa ba abin nema ba ne a Riruwai.

Mataki na biyu shi ne mayar da tufafin bakin rafi: jema da gamba domin saiwarsu ta kama ƙasa, gora da tukurwa da malmo domin inuwa. Waɗannan duk suna da kasuwa, daga zana zuwa gwangwala, don haka mai gona ba zai ga ya yi asarar fili ba. A guji dasa turare a fadama, domin itace ne mai yawan shan ruwa, ganyensa kuma mai saurin kama wuta.

Mataki na uku ya shafi ramukan kuza. Wanda za a iya cikewa a cike shi, a mayar da baƙar ƙasa a sama. Wanda ya zama kududdufi mai zurfi a gyara gaɓarsa, a dasa itace kewaye, a kuma gwada ruwansa a ɗakin bincike kafin a bar mutum ko dabba su sha, domin duwatsun yankin suna ɗauke da wasu ma'adinai ban da kuza. Duk wanda aka ba izinin haƙa a yau, a sa masa sharaɗin gyara wurin kafin ya tashi.

Mataki na huɗu shi ne yarjejeniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dagaci da mai unguwa da sarkin noma da arɗo da shugaban mafarauta su zauna tun kafin kaka, su tsayar da lokacin ƙunar wuri, da mashayar da shanu za su bi, da tazarar da za a bari tsakanin rijiya da rijiya. A share hanyoyin tare wuta a tudu ta yadda za su haɗe fadama da fadama. Ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, duk suna da ruwa da tsaki. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Mafarin Kogin Kano yana cikin wuraren da suka fi cancantar irin wannan kuɗi.

Makarantun sakandare kuma suna da aikin da ba ya buƙatar jiran kowa. Malamin kimiyya na iya samun bututun roba mai tsawon mita 2, a huhhuda rabinsa na ƙasa, a naɗe da tsumma, a binne shi a fadamar da ke kusa. Kowane mako ɗalibai su zura sanda su auna nisan ruwa daga fuskar ƙasa, su rubuta. A kafa ɗaya kusa da kwazazzabo, ɗaya nesa da shi, a kwatanta. Haka nan za a iya ɗebo ƙasar fadama da ta tudu, a shanya su sosai, a auna nauyi, a gasa su cikin gwangwani a wuta mai ƙarfi, a sake aunawa. Galibin nauyin da ya ɓace na ruɓaɓɓun tsirrai ne. A ƙarshe a zana taswirar inda wuta ta ci a bana da inda ta tsaya. Littafin da aji bayan aji ya cika shekara biyar a jere hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban shugaban ƙaramar hukuma, kuma masana a Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil za su yi maraba da ita.

Kammalawa

Indunusiya ta janye ruwan dausayinta cikin 'yan shekaru, ta kuma shafe shekaru masu yawa da dukiya mai ɗimbin yawa tana ƙoƙarin mayar da shi. Fadamun kudancin Kano ba su kai wannan hali ba. Da yawansu suna da sauran baƙar ƙasa, damina tana zuwa da isasshen ruwa, kayan gyara kuma dutse ne da ciyawa da haɗin kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwazazzabon da ɗalibai goma za su iya toshewa a bana, in aka bar shi shekara goma sai an kira katafila. Lokacin aikin kuwa shi ne bazara, kafin ruwan farko ya sauka, domin shingen da aka kafa a Afrilu shi zai tare ruwan da zai hana ciyawa bushewa a Janairu.